Amsa ga Baffana na Rigasa

Baffa, ka ce ka ji Hausawan Sudan ba sa rabuwa da makami, har kana tambaya ko halin mutanen can ne muka ɗauka. Ban so in ja da kai a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuto.

Mu 'yan Mai Wurno ne, wani gari a Sudan, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Noma da kamun kifi muka gada, ba yaƙi ba. Kakana yana da mashi da wata tsohuwar bindiga da ya ɗaure gindinta da waya. Idan dawa ta fara nuna, a gona yake kwana saboda birai da gyado, masunta kuma kullum suna kaffa-kaffa da kada a bakin kogi. Ranar da ya harbe kurar da ta addabi awakin unguwa, har da guɗa aka rako shi gida. Da ɗan jarida ya zo a ranar, da hotonsa zai ɗauka ya kira shi jarumi.

To, a Yulin 2022 rikici ya tashi a wajen Rusairis da Damazin, a jihar Blue Nile ta Sudan, bayan mutanenmu sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, maƙwabta suka ce baƙo ba ya sarauta a ƙasar da ba tasa ba. Fiye da mutum 100 suka mutu, a Oktoba kuma aka sake yi a Wad al-Mahi. Labarin ya fito a dunƙule: faɗan ƙabilanci. Wanda ya zo ƙona gida da wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin 'ya'yansa da sanda, duk kuɗin goro aka yi musu. Ban ce namu ba su yi ɓarna ba, sun yi, kuma Allah zai tambaye su. Amma a riƙa bambancewa mana.

Kuma Baffa, tunda na zo Kaduna abin da nake gani ke nan. Mutumin Birnin Gwari in ya kori 'yan bindiga, yau a yaba masa, gobe a ce 'yan sa-kai ne ke rura wutar. A 2021 Gwamna Masari da bakinsa ya ce wa mutanen Katsina su kare kansu, jaridu suka yi ta ce-ce-ku-ce. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris 2025 suna hanyar zuwa gida Sallah fa? Bindigogin farautarsu aka gani aka ce masu garkuwa da mutane ne.

Maganar ko har yanzu mu Hausawa ne, ita ta fi yi mini ciwo. E, muna auratayya da mutanen ƙasa. Matar yayana 'yar ƙabilar Barta ce, a ɗakinta 'ya'yan maƙwabtanmu suka ɓuya lokacin rikicin, kuma tuwonta da miyar kuka ba ya kasa na Tudun Wada, ko da yake kisira, wato gurasar Sudan, ta fi iyawa. A can ana ce mana Fallata, wato 'yan asalin Afirka ta Yamma, a ce mu koma inda muka fito. Na zo nan, yaranka suna dariyar Hausata don Larabci na shiga mini baki, ƙaramar har tana ce mini Balarabe. Kakata kuwa har ta rasu a Hausa take yi mana faɗa, kuma ba ta taɓa ganin Sakkwato ba.