Amsa ga ɗiyata mai shirin zuwa karatu Legas: maganar salak da abincin bayan gilashi

Ɗiyata, sau biyu na saurari saƙonki kafin na kwanta. Alhamdu lillahi da gurbin da kika samu a Jami'ar Legas, Allah Ya sa a shiga a sa'a a fita da nasara. Kin ce likita ya ja miki kunne kan maiƙo da zaƙi, ga ciwon sugan da ke damun babanki, shi ya sa kike tambaya ko akwai wuraren sayar da salak irin waɗanda kike gani a waya, da kuma ko dafaffen abincin da ake jerawa a bayan gilashi a manyan kantuna abin dogaro ne. Wallahi tambayar ta faranta mini rai, domin yawancin yaranmu sai ciki ya ɓaci suke tuna ta.

Akwai su. Wanda ya fi suna shi ne So Fresh, da ya fara a nan Legas a 2010, yana sayar da salak da yankakkun 'ya'yan itace da markaɗaɗɗen lemo. Irin waɗannan wurare sun fi yawa a Victoria Island da Ikoyi da Lekki, sai kuma Ikeja. Ke kuwa a Akoka za ki zauna, kusa da Yaba, kuma tsallaka gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 saboda kwano ɗaya na ganye ba aikin ɗaliba ba ne. Manhajojin kawo abinci irin su Chowdeck da Glovo za su kawo miki har ƙofa, amma kuɗin kwanon da na ɗan aike zai yi miki cefanen kwana biyu ko uku. Ki bar shi ya zama na marmari.

Wanda za ki riƙa cin karo da shi kullum shi ne teburin dafaffen abinci, irin na Spar ko The Place ko Mega Chicken. A nan nake son ki buɗe ido. Abin da mutanen nan ke kira salak, kabeji ne da karas, a zuba waken gwangwani da masarar gwangwani, wani lokaci har da makaroni da dankali, a ɗora ƙwai, sannan a lulluɓe shi da bama har sai ganyen ya ɓace. Waken gwangwanin nan a ruwan tumatir mai suga yake, bama kuwa kusan duk mai ce. Idan kika ci wannan a gefen soyayyiyar shinkafa da soyayyen kaza, kika bi da lemon kwalba, ba abin da likita ya ce kika yi ba. Ki ce a zuba miki ganyen zalla, a ba ki bamar daban, ki sa cokali ɗaya da hannunki. Kaza ko kifi ki zaɓi gasasshe.

Kafin ki nuna da yatsa, ki ɗan tsaya. Ki kara bayan hannunki a jikin gilashin da salak ke ciki: in babu sanyi, ki wuce. Ki dubi ƙasan farantin, in ruwa ya kwanta, bakin latas ya yi ja ya yi laushi, to tun safe yake zaune. Abincin zafi kuma ki ga tururi na tashi. Ni tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu nake saye, lokacin da layi ya yi tsawo ana juye sabo a kai a kai. Na taɓa sayen salak bayan magariba a wani kanti mai kyan gani, ranar an wuni ana ɗauke wuta, na yi kwana uku a kwance sai da aka ƙara mini ruwa. Ƙwai da bama da zafin Legas ba sa shiri. Kuma kada ki manta an yi ɓarkewar kwalara a garin nan a watan Yunin 2024. Ɗanyen ganye da yankakkiyar kankana da ke ɗaure a leda a bakin titi, ba ki san ruwan da ya taɓa su ba. Kunun aya da zoɓo na gora ma sai wanda kika san hannun da ya yi.

Sai maganar halal. In kika ga an rubuta ham ko bacon a jikin kwano, naman alade ne, kuma yankawa ake ƙanana a barbaɗa cikin ganye. Ki tambaya, ba kunya. Musulmi suna da yawa a cikin Yarbawa, da kin ce ba kya cin alade za a gane ki.

Kada kuma ki raina buka, wato gidan abincin da suke kira mama put. Da na zo na ɗauka komai nasu baƙo ne, ashe ewedu lalonmu ne, gbegiri miyar wake ce, moi moi kuwa alale, sai dai su a ganye suke naɗe shi. Efo riro miyar ganye ce mai kauri, sau da yawa da alayyahu. Matsalarta ɗaya, manja. Ki ce wa mai zubawa ta ɗebo daga ƙasa ta tsane man a jikin tukunya, za ta yi miki. Alale biyu da efo da yankan kifi sun fi salak ɗin bama amfani a jikinki, sun kuma fi shi araha. Amala da teba ki ci kaɗan.

Amma ga abin da na fi so ki riƙe. Kabejin nan da karas da latas da ake yankawa a Lekki a sa musu sunan Turanci, yawancinsu daga Arewa suke saukowa. Ki je kasuwar Mile 12 da sassafe ki ga tireloli daga Jos da Kano da Sakkwato suna sauke tumatir da albasa da tattasai, 'yan dako na kai da komo da kwanduna a ka, ko'ina Hausa ke tashi kamar kina 'Yankaba. Ranar da na fara zuwa sai da na yi ƙwalla. Mile 12 ta yi miki nisa kullum, amma Oyingbo na kusa da ke, haka Idi-Araba inda asibitin koyarwa na jami'arku yake, unguwa ce da mutanenmu suka daɗe. Ki yi sallama ki gaisa da Hausa, ki riƙe mutum ɗaya ya zama naki. Nawa dattijo ne, da ya hango ni zai janyo latas ɗin da ya ɓoye a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, ya ƙara mini gyaran albasa.

Daga nan sai kwaɗo, abin da kika iya tun kina firamare. Ki ware latas ganye-ganye, ki wanke da ruwan da za ki iya sha, ki ɗan jiƙa da gishiri ko binega, ki sake ɗaurayewa. Ki yanka da kabeji da kokwamba da tumatir da albasa, ki barbaɗa garin ƙuli da yaji, ki matse lemon tsami, mai cokali ɗaya. Ba ya buƙatar wuta, ko a ɗakin kwanan ɗalibai za ki yi shi cikin minti goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Kwanon kwaɗo da rana da lemo ko gwanda da yamma sun kusa kai ki. Kabeji da karas suna jure kwanaki ba firji, latas kuwa ki saya ki cinye a ranar.

Saboda haka ki ce wa Umma ta daka miki garin ƙuli mai yawa, ta haɗa da busasshen zogale da rama da yaji da daddawa. Ana samun su a Agege, amma na gida ya fi ƙamshi, ya fi sauƙi. Ki zo da roba mai murfi da ƙaramar wuƙa mai kaifi. Asabar ɗin farko ni da kaina zan kai ki Oyingbo in haɗa ki da mai kayan miya. Ki sanar da ni ranar tasowa, ki gaida babanki da jiki.