Karɓar kuɗi lafiya idan za ka ba da hayar makin masaukin hutu

Malam, ka ce kana da maki a Disney Vacation Club a Amurka, tsarin kamfanin Disney da mambobi ke kama ɗakin hutu da maki, za ka ba da haya, kana tsoron damfara. Kai da mai karɓar hayar ku fara rubuta yarjejeniya: ranaku, farashi, da abin da zai faru idan ya fasa. Ka karɓi rabi kafin ka kama ɗakin da sunansa, ragowar bayan ya ga lambar tabbaci. Idan ta PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ya biya, yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi, don haka ka adana duk saƙonninku. Wanda ya aiko cek da ya wuce farashi, ya ce ka mayar masa da rarar, don Allah kada ka tura ko sisi. Cek ɗin bogi ne, banki zai zare kuɗin daga asusunka.