Amsoshin Tambayoyinku: Nas da Neman Garin Komawa

Wasiƙun wannan makon galibi daga ma'aikatan jinya suka fito, kuma kusan duk a kan barin gari suke.

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a wani asibitin kuɗi a nan Kano, ina zaune gaban iyayena a Gyaɗi-Gyaɗi. Wani asibitin kuɗi a Abuja ya kira ni, albashin ya kusa ninka wanda nake karɓa. Baba ya ce in yi shawara. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. In tafi?

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, wanda aiki biyu ke nema ba ya cikin matsala. Allah kuma ya saka wa Baba da alheri da bai ce miki a'a ko e kai tsaye ba.

Ɗauki biro da takarda. A yanzu ba ki biyan haya, tuwon dare daga tukunyar Umma yake fitowa, adaidaita ɗaya ke kai ki bakin asibiti. Wannan duk albashi ne, ba ya dai shigowa ta banki. A Abuja hayar cikin gari ta fi ƙarfin nas mai ƙaramin matsayi, shi ya sa za ki tarar da 'yan'uwanki a Kubwa, Lugbe, Nyanya, ko ma sun tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa. Mai gida zai nemi kuɗin shekara cur, dillali ya karɓi la'ada, a ƙara kuɗin yarjejeniya, duk kafin ki ga albashin farko. Sai katifa, sai tukunyar gas, sai ruwa. Kuɗin mota kuwa kin san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Mai zama Mararaba da ke dutin safe, daga sallar asuba take fita saboda cunkoson hanyar Nyanya. In dutin rana gare ki, da dare za ki tashi, ki tsaya bakin titi ke kaɗai kina tare mota, a garin da ake fama da 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Don haka ki tambayi asibitin: akwai masauki? Akwai motar ma'aikata? Majinyata nawa nas ɗaya ke riƙewa da dare? Ran nawa ga wata ake biya, kuma ana zuba miki fansho? Duk abin da suka amsa su sa shi a rubuce. Kafin ki sa hannu, ki je da ƙafarki, ki sauka wurin 'yan'uwa, ki gwada bin hanyar a daidai lokacin duti, ki kuma samu nas ɗaya da ke aiki a can ku yi hira ba a gaban shugabanta ba. Gani ya kori ji.

In babu masauki kuma ba ki da dangin da za ki zauna wurinsu, ni ban ba ki shawarar tafiya ba. In zuciyarki ta nace sai Abuja, ki jira gurbin gwamnati, kamar Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, inda haya ta fi ta cikin gari sauƙi.

Anti, wane gari ne nas ba ta dutin dare? Can nake son komawa.

Babu shi. Ciwo ba ya tashi aiki ƙarfe huɗu, kuma tun kina makarantar koyon jinya kin san da haka. Dutin dare ya danganta da irin wurin aiki, ba gari ba. In akwai uzuri na gaske, ki nemi sashen rigakafi, ko awon ciki, ko ɗakin shan magani na makaranta, a nan Kano ma akwai su. In kuwa ƙyuya ce kawai, ki tuna duk daren da kika zille wata ce ke yi miki shi.

Hajiya barka da aiki. Ni nas ne namiji, ina da lasisi, amma shekara guda ke nan ba aiki. Wani ya ce zai samo mini gurbi a asibitin tarayya a wata jiha in na ba shi naira miliyan ɗaya da rabi. Ya nuna mini takardar kama aikin wani a wayarsa. Ya ce in ma Saudiyya ko Ingila nake so yana da hanya. Mahaifiyata ta yarda ta sayar da filinta. Wane gari zan ce masa?

Ɗana, kada ka ce masa kowane gari. Ka je yau ɗin nan ka roƙi mahaifiyarka ta mayar da takardar filinta cikin adaka. Na san zafin zaman gida da lasisi a hannu, na san yadda ake jin kunyar karɓar kuɗin kati a hannun uwa. Wannan zafin shi ne jarin mutumin nan.

Bari in faɗa maka yadda abin ke tafiya, don na ga ƙarshensa a kan yara da yawa. Za a ba ka takarda mai tambari, da sa hannu, da lamba. Hoton takarda a waya kuwa kowane shagon kwamfuta zai iya haɗa shi cikin minti goma. Za a ce ka je garin ka jira a kira ka cike takardu. Ka kama ɗaki, ka sayi katifa, ka ɗinka farin kaya. Wani ma har a sa shi ya fara shiga ɗakin majinyata. Wata ya ƙare ba albashi, a ce sunanka bai hau tsarin biya ba tukuna, ka ƙaro wani abu a tura shi Abuja. Ranar da aka zo tantance ma'aikata, kai za a tsare da takardar bogi a hannu, shi kuwa lambarsa ta daina shiga. Ga fili ya tafi, ga lasisinka cikin haɗari. Wannan ba jita-jita ba ce: a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, mutane suka fito bainar jama'a suna ba da labarin kuɗin da suka biya.

To a ce ma gurbin na gaske ne. Cin hanci ne, laifi ne a doka, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya sayi aiki da miliyoyi zai so ya mayar da kuɗinsa, kuma a jikin majinyaci zai mayar. Daga nan ake fara sayar da safar hannu da ruwan allura na asibiti, ana karɓar na goro kafin a ba da gado. Duk mai ɗan'uwa a kwance ya san wannan ɗacin.

Aikin gaske sanarwa ake yi, a yi jarrabawa ko ganawa, takarda ta fito daga ofishin gudanarwa na asibitin. Duk takardar da aka ba ka, ka ɗauke ta da kanka ka kai wannan ofishin ka tambaya ko tasu ce. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Wanda ya ce "kada ka je, za ka ɓata mana shiri" ya riga ya ba ka amsa.

Maganar waje ta fi wannan muni, don can in aka yaudare ka ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Mai son aikin jinya a Saudiyya sai an tantance takardunsa ta kamfanin DataFlow, ya rubuta jarrabawar neman lasisi ta Prometric, hukumar lasisin ma'aikatan lafiya ta ƙasar ta yi masa rajista. Bizar Umara ba bizar aiki ba ce. Wadda aka kai da ita da sunan aikin asibiti, sau da yawa aikatau take ƙarewa a gidan mutane, fasfonta a hannun wani, tana ɓuya daga jami'an tsaro. Ingila kuwa sai ka ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ka ci jarrabawar jinya ta kwamfuta, sannan ka yi ta gwajin aiki a can. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, ta soke sakamakon da aka samu a wurin, har waɗanda suka riga suka fara aiki a can abin ya shafa. Ka kuma sani Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a nan. Kai ne za ka nema da kanka. Duk wanda ya buɗe ofis a Kano ya ce shi wakilinsu ne, ka tambaye shi wa ya aiko shi. Hanyar zuwa Birtaniya da bizar masu kula da tsofaffi da 'yan ejan suka daɗe suna tallatawa, an hana masu ita tafiya da iyali tun Maris 2024, an kuma rufe ɗauka daga waje a Yuli 2025. Duk da haka har yau akwai masu karɓar kuɗi a kanta.

Tantance takardunka a Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, a shafinta na intanet ake yi, da hannunka. Kada ka ba kowa asalin shaidar karatunka, ko lasisi, ko fasfo.

Abin yi yanzu: ka karɓi aikin asibitin kuɗi ko da albashin bai taka kara ya karya ba, hannunka ya saba, ka samu shekarun aiki a takarda. Ka sa ido kan sanarwar hukumomin asibitoci na Kano, Jigawa, Katsina da Yobe, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wato ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, waɗanda ba sa karɓar ko sisi wajen ɗaukar ma'aikaci.

Mama, ni ungozoma ce, sabuwar ɗauka. An tura ni babban asibitin wata ƙaramar hukuma mai nisa. Ban taɓa kwana wajen Birni ba. Tun da na ga takardar nake kuka. In nemi a canza mini?

Share hawayenki 'yata. Jihar nan ta Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne kawai a ƙwaryar birni da kewaye, kuma mata na haihuwa a sauran 36 ɗin. Ke ake jira a can.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wuya. Amma abin da za ki koya a shekara biyu a irin wannan wuri, wadda ke babban asibitin birni tana bayan manya goma ba za ta taɓa shi ba. Kuma mutanen karkara na girmama ungozomar da ta riƙe su da mutunci, har ki rasa inda za ki sa gero da ƙwan zabi.

Ki je da Baba ko yayanki kafin ranar kama aiki. Ki ga kwatas da idonki: ƙofa na kulluwa? Akwai rijiya ko burtsatse, ko sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa? Ɗakin haihuwa na da sola, ko da fitilar waya ake karɓar haihuwa? Su wa ke kwana tare da ke, akwai mai gadi? Tambaya mafi girma ita ce ta jini: in mace ta ɓalle da zubar jini ƙarfe biyun dare, akwai likita a kusa, akwai jini a ajiye, akwai motar da za ta kawo ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma awa nawa ne? Ki tambayi direbobin tasha lafiyar hanya, musamman in garin na kusa da yankin da 'yan bindiga ke addaba. In nan ne matsalar, ki rubuta wa hukuma ta hannun shugabarki, ba kunya a ciki. In ba haka ba, ki zauna. Kada ki ce za ki riƙa zuwa kullum daga Kano, albashin zai ƙare a mota, ke kuma ki ƙare a gajiye. Ranar da kika sauka ki sa a kai ki ki gaida iyalin mai gari da tsofaffin ungozomomin gargajiya, su ne za su riƙa turo miki mata da wuri.

Anti, ina aikin jiha shekara bakwai. Na samu gurbi ta hanyar da ta dace a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mijina ya amince. Ƙawayena na cewa ƙauye zan koma.

Ki tafi, ƙanwata. Tsarin albashin ma'aikatan lafiya na tarayya, wato CONHESS, bai san sunan gari ba: matakinki ɗaya da ta Abuja, albashinku ɗaya, hayarku ce ta bambanta. Haka abin yake ga asibitocin tarayya na Azare da Nguru. Birnin Kudu kuma a kan titin Kano zuwa Maiduguri take, ranar hutu kina iya karyawa a can ki ci abincin rana a gida. Ƙawayen naki ba su za su biya miki kuɗin makarantar yara ba.

Sai dai kada ki ajiye aiki da ka. Ki nemi a mayar da shekarunki bakwai zuwa sabon wurin a rubuce, don kada ki koma matakin farko. Ki bincika makomar abin da aka yanka miki na fansho, domin Kano asusunta daban, na tarayya kuma kamfanonin fansho ke riƙe da shi. In jiha ce ta ɗauki nauyin wani karatunki, ki duba ko akwai sauran shekarun da kika yi alkawarin yi mata. Ki tanadi kuɗin cefanen wata uku ko huɗu, don albashin farko na tarayya yakan yi jinkiri, ki kuma nema wa yara makaranta kafin ki kwashe kaya.