Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ki Tura Kuɗin Kayan Wasan Nan

Wata uwa daga Kofar Kaura ta rubuto cewa ta ga akwatin kayan wasa na katako a Instagram, an rubuta Montessori a jikinsa, wai yana koya wa yaro ware kaya bisa launi da siffa. Kuɗinsa N38,000, ban da na mota daga Legas. Ɗanta shekararsa biyu da rabi. Ta saya?

'Yata, riƙe kuɗinki tukuna. Ki lissafa kwano nawa na gero za su auno miki, sannan mu yi magana. Montessori ɗin nan sunan wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma 'ya'yan talakawa ta tara. Yau ko wane mai kanti yana iya buga sunanta a kwali, babu mai tambayarsa dalili. Abin da akwatin zai koyar kuwa yana nan cikin madafarki. Ki zuba masa cokula da ludaya a tire, ya raba. In kin kwaso wanki, ya haɗa safa da 'yar uwarta, ya ware kayan Abba da naki. Takalman da ake bajewa a ƙofar falo in an yi baƙi, ya jera manya gefe, ƙanana gefe. Wannan shi ne darasin.

Amma tunda kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, sai ki yi haƙuri ki saurara. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da muke miƙa wa yara su sa a baki ba. Yaro ɗan shekara biyu da baki yake bincike. Duk abin da kika ba shi sai ya lasa, ya ciza. To wa ya gaya miki da me aka yi fentin nan mai sheƙi? Akwai fentin da ake sa wa dalma, kuma gubar dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali, ba zazzaɓi ba kurji, balle ki farga. Maƙwabtanmu Zamfarawa sun ga bala'inta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Wancan daga haƙar ma'adinai ne, amma gubar ɗaya ce. Kada kuma ki ce ai na kamfani ne. A 2007 Mattel, babban kamfanin kayan wasa na Amurka, ya janye miliyoyin kayansa daga kasuwa saboda fenti mai dalma da ƙananan maganaɗisu masu ficewa. In mai suna ya yi tuntuɓe haka, me kike zato da wanda ya zo a buhu, ba sunan kamfani, ba adireshi?

Ni kaina an taɓa cin kuɗina. Na saya wa jikata irin wannan akwati a wani kanti, na kai mata shi ina taƙama. Kwana uku fentin ya fara bin tafin hannunta, ƙaramin kwabon katako kuma ya ɓalle. Da hannuna na jefa shi shara, mai kantin ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Don haka in har sai kin saya, ki je Babbar Kasuwa da ƙafarki, ki taɓa. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga, in launi ya bi shi ki ajiye. Ki shinshina, robar da ke warin kalanzir ba ta shiga gida. Ki ja duk wani ɗan ido ko ƙafa da ƙarfi. Duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu ya yi wa yaron da bai kai shekara uku ba ƙanƙanta. Mai ɗan batir kamar maɓalli kuwa, in murfinsa ba da kusa aka ɗaure ba, ki bar shi: batirin nan in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona shi cikin sa'o'i kaɗan. Tambarin CE da kike gani a kwali, wato alamar wai kayan sun cika ƙa'idojin ƙasashen Turai, masu jabu ma sun iya buga shi. Kuma gargaɗin ya shafi kayan gida. Wake, gyaɗa, ƙwallon dabino, duwatsun carafke, duk a jira sai ya girma, ina nufin ya wuce uku kuma kina zaune kusa. Tambayi duk wata ma'aikaciyar jinya ƙwayar wake nawa ta ga an ciro daga hanci.

Wani magidanci daga Daura yana tambaya wace ƙaramar kwamfutar hannu ce ta fi kyau ga 'yarsa mai wata goma sha takwas, don ta koyi launuka.

Malam, babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa ɗan shekara ɗaya bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini. Kuɗin datar ka sayo mata lemo da ayaba, ku raba su kwano biyu, ku cinye.

Sai wata baiwar Allah daga Sabuwar Unguwa da wasiƙarta ta taɓa ni. Ɗanta ya cika uku. Yana raba murafen robobi ja da kore daidai, amma da ta ce ya sake raba su manya da ƙanana sai ya koma kan launi, har ta yi kuka. Ɗan kishiyarta mai shekara biyar yana yi ba gargada.

Share hawayenki, 'yata. Abin da kika kwatanta shi ne ainihin halin ɗan shekara uku. Masana sun daɗe suna gwada yara da haka: a uku yaro kan manne wa dokar farko da aka ba shi, sai wajen huɗu zuwa biyar yake iya sauyawa. Ki gwada ɗan biyar ɗin ma. Nuna masa awaki biyar da tumaki biyu, ki ce awaki sun fi yawa ko dabbobi. Da wuya bai ce awaki ba, don gane wannan kan kai yaro shekara bakwai ko takwas. Ki riƙe doka ɗaya a rana, ki yi wa ɗanki da Hausa, ki daina gwada shi gaban mutanen gida. In dai ba ya waigowa in an kira sunansa, ko har yanzu ba ya haɗa kalmomi biyu, to wannan ki kai shi asibiti a duba kunnensa.

Mai tambayar ko shuɗin kayan wasa ya fi ja ƙara basira: a'a.