Saukar Alƙur'ani ga yaro ɗan aji shida: amsar Baffa

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma ka kyauta da ka tambaya tun ba a sa rana ba. Ka ce ɗanka, abokin nawa, yana aji shida na firamare, a makarantar allo kuma ya shiga Ali Imrana a wannan wata na Janairu. Mahaifiyarsa na so a haɗa walimar saukarsa da bikin gama firamare da makarantarsu za ta yi a ƙarshen Yuli, a yi hidima ɗaya a huta. Kana son sanin ko al'ada ta yarda da haka, yadda ake tafiyar da ranar, da abin da ake ba malam.

Kada a haɗa. Kada kuma ku iyaye ku sa rana. Malam ne ke cewa yaro ya sauke, sannan uba ya zo a zauna a zaɓi ranar da ta dace da kowa. Duk inda aka juya wannan tsari, aka fara kama rumfa da ɗinka anko sannan aka je wa malam da rana a hannu, karatun yaron ne ke biyan kuɗin.

Bari mu yi lissafi, don shi zai raba gardama tsakaninka da mai ɗakinka. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. A allo daga ƙasa ake hawa: Fatiha, Nasi, Falaƙi, a bi sura sura har a ƙare da Baƙara. Ali Imrana ta haura izu biyu da rabi, Baƙara kuwa kaɗan ya rage ta cika izu biyar. Ke nan abin da ke gabansa ya kai sumuni 60 ko kusa da haka. Makarantar allo kwana biyar take yi a mako, Asabar zuwa Laraba. Almajirin da ba shi da wani aiki sai karatu zai iya wanke sumuni guda kullum, ya gama a mako 12. Yaron da ke fita boko da ƙarfe bakwai da rabi, ya dawo bayan azahar a gajiye, ga aikin gida da aka ba shi a aji, abin da ya dace da shi sumuni guda a kwana biyu. Kwana 120 ke nan na karatu, mako 24, wata shida ba kaɗan. Ka ƙara hutun Sallah, ka ƙara makonni uku ko huɗu da dole a sassauta masa saboda jarrabawar shiga sakandare. Za ka ga saukar tana faɗowa cikin Agusta, a tsakiyar dogon hutu, kuma babu lokacin da ya fi wannan. Ba jarrabawa a gabansa, 'yan ajinsu na boko suna gari, 'yan'uwa masu yara a makarantun kwana duk sun dawo.

In aka ce lallai sai Yuli, ga abin da zai faru. Malam zai ji nauyinka, ya riƙa barin yaro ya wanke allo karatun bai zauna ba. Baƙara kuwa ba surar da ake yi wa gaggawa ba ce. Ayoyinta dogaye ne, akwai wurare masu kama da juna da ke rikita manya ma, ga ayar bashi da ke cika fuska guda ta allo ita kaɗai. A ɗaya ɓangaren kuma lissafi da Turanci za su sha kashi, alhali su ne ƙashin bayan jarrabawar, ko ta jiha ce ko wadda NECO ke shiryawa don kwalejojin tarayya. Sai a tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai dabarar da iyaye da yawa ba sa lura da ita. Hutun makarantun biyu bai zo ɗaya ba. Boko na hutu Asabar da Lahadi, allo na hutu Alhamis da Juma'a. Saboda haka safiyar Asabar da Lahadi ta allo ce: ya je tun bayan asuba, ya rubuta sabo, a duba masa, a biya masa, ya zauna a kai har hantsi. Yammacin Alhamis da Juma'a kuma na tsofaffin takardun jarrabawa ne. Litinin zuwa Laraba a bar shi da ƙari kaɗan da maimaita na baya. Ka je ka faɗa wa malam wannan tsari da bakinka, kada ka aika yaro da saƙon.

Kafin a sa rana a gwada shi. Wannan ba rashin yarda da malam ba ne, malaman kirki su da kansu suke nema. Yara da yawa da kunne suke kama allonsu: an biya musu sau biyar, sun riƙe, suna karantawa ido na kan allo amma ba baƙin suke bi ba. A samu wani mahaddaci da ba malaminsa ba, a buɗe Mus'hafi wuri uku ba tare da an gaya wa yaron ba: ɗaya tsakanin Tabara da Ƙad sami'a, ɗaya wajen Kahfi ko Maryama inda rabin Alƙur'ani yake, ɗaya a Nisa'i ko Ma'ida. Ya karanta rabin shafi a kowanne. Abin dubawa shi ne ko yana haɗa kalmar da bai saba da ita ba shi kaɗai, ko yana ba madda da shadda haƙƙinsu, ko ya san inda ake tsayawa. Tuntuɓe ɗaya ko biyu da ya gyara da kansa ba komai. In kuwa sai an ɗora shi a kowane layi, a ɗaga ranar, ya yi tishe, wato maimaita karatun baya, na wata biyu.

Ka kuma fahimtar da mutanen gida cewa sauka daban, hadda daban. Wanda ya sauke ya bi Alƙur'ani ne daga ƙarshe zuwa farko da gani a gaban malami. Kada a fara kiransa alaramma, kada a buga takardar gayyata a rubuta hafizi. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya in ya ji an ɗora masa sunan da bai kai ba, ko ya ɗauka ya gama, ko ya riƙa gudun karatu a gaban mutane don kada asiri ya tonu.

Sai allon zayyana. Ba allonsa na kullum ba ne, sabo ake saya, babba, a kai wa mai zayyana aƙalla mako biyu kafin ranar. Yawanci yanzu takarda ake manna wa allon a yi zanen a kanta da ja da kore da ruwan ɗorawa, a naɗe kan allon da jar fata. Fuska ɗaya Fatiha, ɗayar kuma farkon Baƙara, daga Alif Lam Mim zuwa "humul muflihuna". Ka ga hikimar: yaron da ya gama Baƙara an mayar da shi farkonta, wato yanzu zai fara bi daga sama zuwa ƙasa. In an karɓo allon a kai wa malam ya duba baƙi da wasali tun da sauran kwanaki. Mai zayyana gwanin zane ne, ba lallai gwanin rubutu ba, kuma gyaran kuskure a kan takardar da aka riga aka yi wa ado sai an kankare ko an sake.

A nan akwai wurin da yaran boko ke zamewa, ka kula da shi sosai. Makarantun allo na ƙasar Hausa da ruwayar Warshu suke karatu, da rubutunmu na gida, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Darasin addini a firamare da galibin Islamiyyu kuwa Hafsu suke bi, da Mus'hafi bugun Madina, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ayoyin da zai karanta ranar sauka suna cikin inda ruwayoyin suka rabu. A Warshu "maliki yaumid din" ake cewa ba ja, a Hafsu a ja mim ɗin. A Warshu "yuminuna" ba hamza, a Hafsu "yu'minuna". Duka biyun ingantattu ne, sai dai ba a gauraya su a karatu ɗaya. Yaron da ke jin wannan da safe, wancan da yamma, in ya ga taro sai bakinsa ya ɗauko wanda ya fi kusa. A sa shi ya riƙa karanta allon zayyanar a gaban mutum biyar ko shida na gida, da ƙarfi, kullum na mako guda, a ruwayar malaminsa.

Ranar kanta ba ta da wuya. Da hantsi ake yi, a ƙofar gida ko a makarantar, a shimfiɗa tabarmi. Malam da manyan baƙi a gaba, 'yan makarantar allo a gefe. Yaro ya fito da sabuwar riga da hula, wasu gidajen har da rawani da alkyabba, ya durƙusa gaban malam da allon a hannu. Malam ya biya, shi ya maimaita, Fatiha tukuna sannan a juya allon. A yi addu'a ga yaro da iyaye da malaman da suka gabata, a shafa, a raba goro da dabino da alawa, a fito da abinci. Awa guda ta isa. Masu wa'azi in za a gayyata, ɗaya ya wadatar, a kuma gaya masa minti nawa.

'Yan makarantar allo su za a fara ba abinci, ba manyan baƙi ba. Walimar tasu ce, su suka zauna da shi cikin sanyi da zafi. Ka tambayi malam yawansu, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku, don yaran unguwa ba sa jiran gayyata. Kwanon shinkafa na awon Kano kan ciyar da yara wajen goma sha biyar. A zuba a faranti, yara biyar biyar, manyan ɗalibai su tsaya a kai. In aka fito da tukunya tsakar fili aka ce a yi layi, ƙananan ne ke tashi ba su samu ba. Waina da kunu ko fura duk suna shiga. Mai hali ya yanka rago, marar hali kaji ma sun yi, kuma kada ka ci bashi. Walimar sauka ba farilla ba ce, godiya ce ga Allah. Malamai kan kawo abin da aka ruwaito cewa Sayyadina Umar ya yanka raƙumi da ya kammala koyon Baƙara, amma babu wanda ya ce dole kowa ya yi.

Bayan an watse, yaro kan zaga gidajen dangi da allonsa tare da abokai biyu ko uku, ya karanta, a sa masa albarka a ba shi abin da ya samu. Kakanni ake fara zuwa, na uba da na uwa. A haɗa shi da babba guda da zai riƙe kuɗin, a kuma tsaya ga gidajen dangi da maƙwabta na sani. Ba a shiga kasuwa ko tasha da allon sauka.

Game da malam, babu farashi, kuma malamin da ya san girman kansa ba zai yanka maka ba. Ga ma'aunin da za ka bi: abin da za a ba malam kada ya gaza abin da aka kashe a abinci. Abin kunya ne a kama rumfa da kujeru ɗari, a kira mai hoto, sannan a miƙa wa mutumin da ya yi shekara shida yana biya wa ɗanka karatu abin da bai kai kuɗin mai hoton ba. Abin da aka saba shi ne rago ko kuɗinsa, da shadda yadi goma da kuɗin ɗinki, da hatsi in kana da shi. Wasu garuruwan kan ƙara masa wani kaso daga abin da yaro ya samo a zagaye, sai ka tambayi yadda makarantarsu ke yi. A kai masa gida da daddare kafin ranar, kai da wani babba, ba a tsakiyar taro ana shela ba. Ka fara da biyan duk kuɗin Laraba da ya taru in akwai, don wannan haƙƙi ne, ba ya shiga cikin kyauta. Kada a manta da gardin da ke duba masa allo kullum, sau da yawa ya fi malam sanin inda yaron ke tuntuɓe. Yadi biyar da ɗan abin sabulu sun isa. Matar malam ma a kai mata turmin atamfa da kason abincinta daban.

Bikin gama firamare kuwa ku bar shi ya je abinsa, ya sa rigar da makaranta ta ce, ya ɗauki hoto da 'yan ajinsu, ba laifi. Baƙon abu ne da ya yaɗu ta makarantun kuɗi, akwai kiɗa, akwai wasan kwaikwayo, kuma makaranta ke da fili da tsari. In ka kai malamin allo can, zama zai yi a kujerar baya yana jiran a kira shi minti biyar tsakanin rawa da rabon kyaututtuka. Ka gaya wa mahaifiyarsa haka cikin lallashi, za ta gane.

Abin da na fi so ka shirya tun yanzu shi ne Satumba. Yara da yawa daga ranar walima suke ajiye allo, su shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, darussa su ƙaru, kowanne da malaminsa da littafinsa, kafin su kai aji uku karatun ya yi tsatsa. Mako guda bayan walima ya koma wurin malam ya fara bi na biyu daga Baƙara, wannan karon a Mus'hafi. Rabin izu a rana zai kai shi ƙarshe cikin kwana 120 na karatu, wata shida ba kaɗan. A haɗa masa da littafin Ƙawa'idi, in ya gama ya shiga littafin Ahalari, don ya san hukuncin tsarki da sallarsa kafin ya balaga. In makarantar kwana ya samu, ka saya masa Mus'hafi irin wanda ya saba da rubutunsa, ka je da kanka ka ga malamin da ke kula da masallacin makarantar, ku yanke abin da zai riƙa karantawa bayan asuba, a kuma rubuta a ɗan littafi wanda za ka duba ranar ziyara.

Ka gaishe da mutanen gidan. Ka ce wa abokin nawa kyautarsa tana nan, amma sai na buɗe masa Ma'ida da hannuna ya karanta.