Ƙashina ya yi rauni bayan maganin sankarar mama, wane magani ya dace?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce kina shan letrozole saboda sankarar mama, gwajin DEXA (hoton da ke auna ƙarfin ƙashi) kuma ya nuna ƙashinki ya fara rauni. Ba abin mamaki ba ne: letrozole da ɗan'uwansa anastrozole suna rage sinadarin estrogen, shi kuwa yake riƙe da ƙarfin ƙashi. A gwajin DEXA, maki daga -2.5 zuwa ƙasa shi ne zaizayar ƙashi sosai, amma ga masu shan irin maganinki likitoci kan soma magani tun kafin a kai nan.

Mafi sauƙi shi ne ƙwayar alendronate, sau ɗaya a mako. Tana da sharaɗi: da sassafe kafin ki ci komai, da kofin ruwa cike, sannan kada ki kwanta sai bayan minti 30, in ba haka ba ta ƙona miki maƙogwaro. Wadda cikinta bai ɗauka ba, akwai zoledronic acid ta ƙarin ruwa, galibi duk wata 6, amma sai an duba ƙoda.

Allurar denosumab ma duk wata 6 ce. Nan ake yawan kuskure, don ba a tsallake ta ko a daina kwatsam. In aka daina ta, ƙashin baya na iya karyewa sai dai in an biyo da wani magani.

Kafin ki fara kowanne, ki ga likitan haƙori, saboda cire haƙori ana cikin shan su kan jawo ciwon muƙamuƙi, ko da yake ba kasafai ba. A auna miki kalsiyam da bitamin D. Maganin estrogen kuwa, kada ki taɓa shi sai da yardar likitan sankararki, kuma kada ki ajiye letrozole da kanki.