Shegen da ya ci Ingila da jaririn cikin kasko

Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Ƙanina, na ga hotunan da ka turo tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su bi maganar ba, yaron nan yana tattara tsofaffin zane-zanen Turai ne don aikin makaranta, sai ya ci karo da wasu da aka haɗa su wuri guda saboda kalma ɗaya, "bastard", wato shege, ko ɗan gaba da Fatiha in za mu sakaya. Akwai mahayi cikin sulke, akwai wani da sarƙar zinariya a wuya, ga takobi, ga shafin rubutu, ga jariri a gado. Ya ce, Yaya, me ya haɗa waɗannan, kuma wane marar kunya ne ya rubuta shege a ƙarƙashin hoton babban mutum? Da rubutu abin zai yi tsawo, shi ya sa na danna murya. Mai ƙarancin data ya yi haƙuri.

To ka ga wancan na kan doki, wanda ya ɗaga hular ƙarfensa yana nuna fuska? Wiliyam ke nan, sarkin Nomandi da ke arewacin Faransa, wanda ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings ran 14 ga Oktoba, 1066. Ba da alƙalami aka yi wannan zanen ba fa, ɗinki ne, zaren ulu a kan farin ƙyalle, tsawonsa ya kusa mita 70, sunansa ya bi garin Bayeux inda aka daɗe ana ajiye shi. Wurin da ka gani, ji-ta-ji-ta ce ta bazu a fagen fama cewa an kashe shi, mayaƙansa sun fara ja da baya, shi ne ya ture hular don su ga yana raye. Uban Wiliyam, Robert, bai auri uwarsa ba. Sunanta Herleva, mutuniyar Falaise, kuma abin da aka fi faɗa shi ne ubanta majemi ne. Duk da haka uban ya sa manyan ƙasa suka yi wa yaron mubaya'a, ya gaje shi a 1035 yana ɗan shekara bakwai ko takwas.

Amma kada ka ɗauka abin bai dame shi ba. Marubutan zamanin sun ce da ya kewaye garin Alençon, mutanen garin suka hau ganuwa suna kaɗa fatu, wato suna tuna masa jikan majemi ne. Da ya ci garin, sai ya sa aka datse wa masu yi masa ba'ar hannuwa da ƙafafu. Kuma ka duba ɗinkin nan daga farko har ƙarshe, ba inda aka rubuta masa wannan kalma, "Wiliyam sarki" kawai za ka gani. Ai dole, tunda ana kyautata zaton ɗan'uwansa Odo, wanda suke ciki ɗaya, shi ya sa aka yi aikin. Wa zai biya masu ɗinki su zagi uwarsa?

Yanzu mu tsallako shekara kusan ɗari huɗu, a nan abin zai ba ka mamaki. A Faransa ta ƙarni na 15, a gidajen manya, kalmar ta koma kamar sarauta. Akwai Jean, ɗan sarkin Orléans da aka haifa ba a cikin aure ba, shi ya riƙe birnin Orléans lokacin da Ingilishi suka yi masa ƙawanya a 1428 zuwa 1429. Sunan da kowa ya san shi da shi, har a takardun hukuma, Shegen Orléans. Da Jeanne d'Arc, yarinyar nan da ta ja mayaƙan Faransa, ta iso da gudummawa, tambayar da ta fara yi masa ita ce, kai ne Shegen Orléans? Ya ce ni ne, kuma ina murna da zuwanki. Shi da bakinsa ya ba da wannan labarin a gaban masu bincike a 1456. Ka ji fa. A nan ka ce wa mutum haka a bakin kasuwa, sai dai a raba ku.

Mai sarƙar zinariyar kuwa, wanda ke riƙe da kibiya a ƙirjinsa, da doguwar hula, Antoine ne, ɗan Philippe sarkin Burgundi. Laƙabinsa Babban Shege. An haife shi a 1421, ya rayu har 1504. Sarƙar da ke wuyansa ta ƙungiyar jarumai ce mafi daraja a ƙasar, mai ɗan rago na zinariya yana reto, ya shige ta a 1456. Rogier van der Weyden ne ya zana shi wajen 1460, hoton yana Brussels har yau. Ubansa yana da irinsu da yawa, sun haura goma sha, shi ya sa ma ake bambanta babba da ƙanana. Ka ga amfanin laƙabin a wurinsa: yana shelar cewa jinin sarki ne. Gadon sarauta kam ba zai samu ba, amma ga ƙasa, ga dakaru, ga kujera a fada. Tambarin gidan uban ma yana sa shi a garkuwarsa, sai dai a ja masa wani layi a karkace, wanda duk mai ido ya gani ya san ta wace ƙofa ya shigo.

A nan nake so ku lura da wani abu, don na ga wani a zauren nan ya rubuta cewa ai irin 'ya'yan ƙwarƙwara ne na gidajen sarautarmu. A'a, Malam, ba ɗaya ba ne. A shari'armu ɗan sa-ɗaka ɗan halal ne cikakke, yana cin gado daidai da ɗan matar aure, yana hawa gadon sarauta, kuma da yawa sun hau. Su can cocinsu mace ɗaya ya yarje, saboda haka a ƙa'ida duk ɗan da ya zo ta wata hanya yana waje da gado ko da uban ya rungume shi.

Takobin da shafin rubutun ba su da wani dogon bayani. Turawa suna kiran duk abin da ya faɗa tsakanin iri biyu da wannan suna. Takobin ya fi na hannu ɗaya tsawo, bai kai na hannu biyu ba. Rubutun kuma yana tsakanin mai kauri na littattafan ibada da na sauri irin na wasiƙa, kamar ka ce tsakanin rubutun zayyana da wanda malami zai yi maka a tsaye. Shi aka fi yayi a fadar Burgundi, kuma Caxton, wanda ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, da irin haruffan ya fara. Mu ma ai muna da namu salon, ko ba ka taɓa jin an ce shegiyar mota ba, alhali yabonta ake yi?

Bari in gyara zama, don na jaririn nan shi ne mai daɗi. Ran 10 ga Yuni, 1688, matar Sarki James na Biyu na Ingila, Mary 'yar Modena, ta haifi ɗa namiji. Sarkin ɗan Katolika ne, yawancin talakawansa da manyan ƙasar Furotesta ne, wato Kiristocin da ba sa bin Paparoma, kuma sun yi ta haƙuri da shi ne don suna jiran ya mutu 'yarsa Furotesta ta gaje shi. Kwatsam sai ga namiji. To ya za a yi da shi? Sai aka ce ai ba ɗansu ba ne. Wai sarauniya ba ta haihu ba, ko abin da ta haifa bai zo da rai ba, aka shigo da jaririn wasu a ɓoye cikin kaskon ɗumama gado. Kaskon nan na tagulla ne, mai murfi da doguwar ƙota, ana zuba garwashi a ciki a goga a shimfiɗa lokacin sanyi. Faɗinsa bai wuce faranti ba. Duk macen da ta taɓa riƙe jariri ta san ba zai shiga ba. Ɗakin haihuwar kuma cike yake da mutane, har sarkin ya tara shaidu sama da arba'in suka yi rantsuwa a watan Oktoba. Duk a banza.

Abin da ya ƙara wa ƙaryar ƙafa shi ne masu buga zane na ƙasar Holan. Ka ƙara girman hoton da ka turo, dubi abin da ke kusa da jaririn. Wani ɗan abin wasa ne mai fukafukai, kamar wanda yaranmu ke yi da kara da takarda su yi ta gudu yana juyawa. Siffar injin niƙa mai aiki da iska ke nan. Ba sai an rubuta komai ba, kowa ya gane: ana nufin jaririn ɗan mai niƙa ne. Limamin Katolikan nan da ke maƙale kusa da sarauniya kuwa, Petre, an sa shi ne don mai kallo ya ƙarasa sauran zargin da kansa. Wanda bai iya karatu ba ma ya karanta wannan. Ran 5 ga Nuwamba na shekarar, surukin sarkin, Wiliyam na Orange, ya sauka Ingila da rundunarsa daga Holan ɗin dai, James ya gudu Faransa, yaron ya girma ya tsufa ya mutu a birnin Rum na Italiya bai taɓa hawa gadon ubansa ba. Shi da aka haifa cikin aure zane ya mayar da shi shege, Antoine kuwa ana zana shi da sarƙar zinariya.

Saura na ƙarshe, na Hogarth, mai zane ɗan Ingila, wajen 1729. Mace mai ciki tsaye gaban alƙali, hannunta a kan littafi, tana rantsuwa cewa wani tsohon attajiri ne ya yi mata. Tsohon ya ɗaga hannuwa sama yana rantse-rantse, matarsa na hayayyaƙo masa, saurayin da ya yi aika-aikar kuma yana bayan yarinyar yana raɗa mata abin da za ta ce. Mutane suna dariya, ni kam ban cika yin dariyar ba. Dokar lokacin ta sa unguwa ce ke ciyar da yaron da ba shi da uba, don haka hukuma ke matsa wa mace ta ambaci suna, a samu wanda za a ɗora wa kuɗin. Tun 1610 akwai dokar da ta ba da damar a kulle irin wannan uwa shekara guda a gidan horo. Ita ba ta da tambari, ba ta da layin da za a ja mata a garkuwa.

Hogarth ɗin nan yana cikin masu kula da gidan 'yan tsintuwa na Landan, wanda wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, Thomas Coram, ya yi shekara 17 yana fafutuka kafin a ba shi izini a 1739. Sun fara karɓar jarirai a 1741. Uwa za ta miƙa ɗanta, a canza masa suna, ita kuma ta bar wata 'yar alama ko Allah zai sa ta dawo wata rana: maɓalli, kwabo da aka huda, ko ƙyallen da ta yanka daga rigarta ta riƙe ɗaya rabin. Kaɗan ne suka dawo. Ƙyallayen suna nan maƙale da allura a jikin takardun rajista, dubbai, ana iya ganinsu a Landan.

An kira magariba. Ƙanina, hoto na bakwai bai buɗe mini ba, ka sake turowa in duba bayan salla.